Kafin a ɗora ta a sikeli: tsohuwar kujerar likitan haƙori da yaranmu masu zama a ƙasa

Abubuwa biyu ne ke ba ni takaici a ƙasar nan, kuma na lura ba a cika haɗa su a zance ɗaya ba. Na farko shi ne tulin ƙarafan da ke jibge a bayan asibitoci da ofisoshin biranenmu: gadajen majinyata da suka karye, kabad na ƙarfe da tsatsa ta fara ci, kekunan tura marasa lafiya, har da kujerun likitocin haƙori da aka daina aiki da su. Na biyu shi ne yaron aji ɗaya da ke zaune dirshan a kan rairayi, allonsa a cinya, ya duƙa yana koyon rubutu tun safe har rana ta take. Duk malamin da ya koyar a ƙauyukan Dogo-Dogo, ko Dungas, ko Malawa, ko ƙasar Magarya, ya san wannan yaron, ya san sunansa da sunan ubansa.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kafin a sayar da irin waɗannan kaya ga masu sayen ƙarfe a kilo, a fara ba makarantu da cibiyoyin koyon sana'a damar zaɓar abin da zai amfane su, bisa doka, da takarda da sa hannu. Sannan aikin mayar da kayan su zama benci da tebur da kayan aiki a yi shi a gaban yara, ya zama darasi a kansa.

Wani zai ce, me ya haɗa Dogo-Dogo da kujerar likitan haƙori? Tambayar tana kan hanya. Kujerar ba abin da ake tuntuɓe da shi ba ne a ƙauyukanmu, wanda ciwon haƙori ya tsananta masa sai ya nufi birni, Damagaram ko Kano. Na ɗauke ta ne domin ta tattara komai da ke cikin wannan magana a wuri ɗaya: amfani mai yawa, haɗari na gaske, da kuma darasin da malami zai iya koyarwa. In mun fahimci yadda ya kamata a yi da ita, sauran ƙarafan da ke kusa da mu za su zo da sauƙi.

Me ke cikin kujerar?

An ƙera kujerar likitan haƙori ne don ta ɗaga babban mutum mai nauyin sama da kilo ɗari, ta kwantar da shi, ta tsaya cak ba girgiza yayin da ake aiki a cikin bakinsa. Shi ya sa gindinta ƙarfe ne mai nauyin gaske. Tsofaffin suna da famfon mai irin na jak ɗin ɗaga mota: ka taka da ƙafa, mai ya tura sandar ƙarfe sama. Na zamani kuwa, wasu famfon ne ake juyawa da lantarki, wasu kuma ƙaramin inji ne ke murɗa dogon ƙarfe mai zare irin na noti. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan injuna da volt 24 suke aiki, wato ƙarfin batirin mota biyu in an jera su.

Idan aka ce kujera ta mutu, sau da yawa abin da ya lalace ƙarami ne idan aka kwatanta da abin da ya rage. Ko na'urar sarrafa ta ce ta ƙone, ko robar da ke riƙe mai ta tsage, ko bututun ruwa da iska sun ruɓe, ko fatar sama ta yayyage. Gindin yana nan, sandar ɗagawa tana nan, gaɓoɓin da ke lanƙwasawa suna nan.

To, duba abin da mai hannu zai fitar daga ciki. In an cire mazaunin aka ɗaura farantin ƙarfe a kai, an sami teburin walda mai hawa da sauka, mai walda ya huta da durƙuso a ƙasa. Bakanike zai ɗora injin babur ko injin ban-ruwa a kai, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa. In an bar mazaunin aka kai wa baduku ya sake masa fata, kuma Damagaram ba ta rasa dukawa da majema, an sami kujerar mai aski ko ta mai kitso, ko wurin kishingiɗar tsohon da ciwon baya ya hana shi tashi daga tabarma. Hannun fitilar nan mai juyawa ko'ina, in an sa masa ƙwai mai aiki da hasken rana, ya ishi mai gyaran waya ko mai ɗinkin hula aiki da dare. Ƙaramar kujerar da likitan ke zama a kai, mai taya, ta dace da tela. Farantin jera kayan aiki ya zama wurin ajiye sifana da noti. Injin iskar da ke tafiya tare da kujerar kuwa, mai faci da mai fenti sun san darajarsa. Kujera ɗaya tana iya tayar da kusurwa uku ko huɗu a ɗakin koyon sana'a.

Ga malami akwai ƙarin riba. Famfon man nan shi ne ƙa'idar da Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, ya bayyana: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai. In girman filin bakin babban bututu ya ninka na ƙaramin sau 20, nauyin kilo 5 a kan ƙaramin zai riƙe kilo 100 a kan babban, sai dai dole a yi ta takawa kafin kayan su ɗaga kaɗan. Muna zana wannan a allo, ɗaliban koleji su kwafa, su haddace, su manta. Yarinya 'yar shekara goma sha uku da ta taka feda da ƙafarta ta ga malaminta ya tashi sama, da wuya ta manta.

Ita ma daga wata kujerar aka samo ta

Masu ganin wannan aiki ƙasƙanci ne su duba tarihin kujerar kanta. Wajen shekarar 1790, wani likitan haƙori a birnin Boston na Amurka, Josiah Flagg, ya ɗauki kujerar katako irin ta zaman gida, ya ƙara mata matashin kai mai motsi, ya faɗaɗa hannunta don ajiye kayan aiki. Ita ake lissafawa a matsayin kujerar likitan haƙori ta farko a ƙasar. Sai a 1877 aka fito da kujerar Wilkerson mai famfon mai, sannan a 1958 John Naughton ya ƙera mai kwantar da majinyaci gaba ɗaya. Kenan asalinta kayan ɗaki ne da wani ya sauya wa aiki. In yau ta koma kayan ɗaki ko teburin maƙeri, gida ta koma.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Maƙeranmu daga sifirin mota suke fitar da hauya da gatari da wuƙa. Tsohuwar taya takan zama takalmi, tib ɗinta ya zama guga. Duro yakan zama ƙyaure ko murhu. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai zai ga yadda ake narka tsohon alminiyam a zuba tukwane, ake buɗe duro a ƙera akwatin ƙarfe. A Kaduna akwai Panteka, inda ake ƙera injin niƙa da ƙofofi da kayan gyara iri-iri, har kwalejin fasaha ta Kaduna, wadda aka fi sani da Kadpoly, ta haɗa hannu da masu sana'ar wurin don a riƙa gwada yaran da suka koya a ba su takardar shaida. Abin da makaranta ta daɗe tana rainawa, ga babbar makaranta ta je tana neman haɗin kai da shi.

A Malawi, William Kamkwamba ya bar makaranta saboda rashin kuɗi a lokacin yunwa, yana ɗan shekara 14. Ya ga hotunan injin iska a wani littafin ɗakin karatu, ya tattara sassan tsohon keke da farfelar tarakta da bututun roba, ya haɗa injin da ya kunna fitila a gidansu. Abin lura a labarinsa shi ne abubuwa biyu ne suka haɗu: littafi da tarkace. Yaranmu 'yan lakwal suna da littafi, ko da guda ɗaya ne ga mutum uku. Yaran maƙera da masu walda suna da tarkace. Mu manya ne muka raba su.

Ina kayan suke tafiya yanzu?

Yawan kayan asibitin da ke zaune ba aiki a ƙasashe irin namu ba ƙarami ba ne. Wasu masu bincike biyu na jami'ar Duke ta Amurka, Perry da Malkin, sun buga sakamakon nazari a 2011 bayan duba lissafin kayan asibiti guda 112,040 a ƙasashe 16 masu tasowa. Sun tarar wajen kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Manyan dalilan su ne rashin horo, rashin tsarin kula da kaya, da rashin abubuwan da kayan ke buƙata kamar tsayayyen lantarki. Wani kaso na kayan kyauta ne daga waje, wanda ya iso ba littafin bayani, ba kayan gyara. Tun shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da kyautar kayan asibiti, cikinsu har da cewa abin da ingancinsa bai karɓu ba a ƙasar mai bayarwa, bai kamata a kawo shi da sunan kyauta ba.

Idan kayan gwamnati ya lalace, yana nan a rubuce cikin kundin dukiyar hukuma. Shugaban asibiti ba shi da ikon ya ba kowa, ko da kuwa yana so, har sai an bi ƙa'ida an soke shi daga kundin, an yi gwanjonsa. Wannan ƙa'ida tana da dalili mai kyau. Amma kafin a kai ga haka, kayan ya sha damina uku ko huɗu a waje, abin da ke da rai a cikinsa ya ƙarasa mutuwa. Daga nan sai sikeli. Mai sikeli ba ya tambayar abin da ƙarfe ke iya yi, nauyinsa kawai yake saye. Famfon da zai yi shekara goma yana ɗaga injuna, farashinsa ɗaya da karyayyen gatari. A loda a babbar mota, a nufi kudu, a narka a masana'antun wajen Legas, a dawo mana da rodi mu saya da tsada.

Tulin da ke bayan ajinmu

Kada mu tsaya nuna asibitocin birni da yatsa. Kusan kowace makarantar da ta kai shekara goma tana da nata tulin: tebur-benci da suka karye, an jingine su a bayan aji ko an cusa su a magaza. Je ka duba su da kyau. Akasarinsu ƙafafun ƙarfen lafiya lau suke. Katakon ne gara ta cinye, ko noti ya kwance ya ɓace, ko walda ta saki a wuri ɗaya. Benci uku matattu sukan ba da biyu masu rai, in an sami mai walda da kafinta na kwana biyu.

Mun san gwamnati tana da nauyi a kanta. Bayan gobarar ajujuwan zana ta unguwar Pays-Bas a Yamai ranar 13 ga Afrilu 2021, wadda ta ci rayukan yara aƙalla 20, da ta Maradi ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, wadda ta ci aƙalla 25, hankali ya koma kan gina ajujuwa na dindindin. A lokacin hukumomi sun ce akwai ajujuwan zana wajen dubu 36 a ƙasar. Gina bango da rufi shi ne gaba, babu mai musun haka. Sai dai ma'anarsa ita ce kuɗin benci zai jira, kuma makarantar ƙauye da ke bakin iyaka ita ce ƙarshen layi. Ga shi katako ba namu ba ne, daga kudu yake zuwa. Mu da ke cin kasuwar Maigatari mun ga yadda kaya suka yi tsada da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan watan Yulin 2023. Duk ƙarfen da ya riga ya shigo ƙasarmu, asara ce mu bar shi ya fita a farashin bola.

Zaman ƙasa kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyon rubutu. Hannun da ba shi da madogara ba ya zana harafi daidai. Littafi yana cin ƙasa, ya yage kafin tsakiyar shekara. Lokacin hunturu sanyi yana ratsa yaro daga ƙasa. Yarinyar da ta fara girma tana jin nauyin zama a ƙasa a gaban samari, kuma irin waɗannan ƙananan abubuwa suna taruwa su zama dalilin barin makaranta.

Abin da masu adawa ke cewa

Na ji ƙorafi iri uku a kan wannan ra'ayi, kuma kowanne yana da nauyinsa.

Na farko: wai muna so 'ya'yan talakawa su zauna a kan shara, gwamnati kuma ta sami hujjar janye hannu. Amsata ita ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Haƙƙin yaro ne hukuma ta ba shi wurin zama, kuma za mu ci gaba da nema a rubuce, ta hannun sufeto da shugabannin ƙaramar hukuma. Amma yaron da ya shiga aji ɗaya bana, shekara shida kawai yake da su a firamare. Ba zai ajiye ƙuruciyarsa ya jira kasafin kuɗi ba. Kuma bencin da aka yi wa walda mai kyau, aka goge, aka shafa fenti, babu mai kiransa shara.

Na biyu: wai za a buɗe ƙofar sata. Ma'aikaci zai ce kujera ta mutu alhali da ranta, don ta koma shagon ɗan'uwansa. Wannan tsoro gaskiya ne. Cinikin tsohon ƙarfe ya jawo ɓarna a wurare da dama, har gwamnatin jihar Borno ta hana sana'ar jari-bola a 2023 saboda sace-sacen kayan gwamnati da kuma kashe masu shiga daji neman ƙarfe. Shi ya sa nake cewa takarda da sa hannu. Kayan da ya tafi makaranta da takarda, iyaye ɗari suna ganinsa kullum. Wanda ya tafi sikeli kuwa, an narka shi tare da shaidar.

A nan ne sharaɗi mafi girma yake: kujerar da za ta iya komawa aikin haƙori, aikin haƙori za ta koma. Wani nazarin da Malkin ya yi da abokin aikinsa a 2010 ya nuna wajen kashi 70 cikin ɗari na kayan asibitin da suka tsaya an iya tayar da su ba tare da an yi odar kayan gyara daga waje ba. Jihar Damagaram kuwa ta san muhimmancin lafiyar baki fiye da wurare da yawa. Cutar noma, mai farawa daga dasashi ta ci fuskar yaro, ita ta sa ƙungiyar Sentinelles ta buɗe cibiya a Damagaram tun 1992, kuma a watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A irin wannan ƙasa, mayar da kujera mai rai teburin walda zalunci ne. Ƙwararren mai gyaran kayan asibiti ne zai fara dubawa. Sai wadda ya sa hannu cewa ta gama aikinta ce za ta zo wurinmu.

Na uku shi ne haɗari, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. Kayan asibiti ba kamar tsohon keke ba ne. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini. Abin cike ramin haƙori mai launin azurfa, wajen rabinsa sinadarin makyuri ne, mai illa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma ɓurɓushinsa yana taruwa a bututun tsotsa da matatar kwanon tofar da yawu. Saboda haka bututu da matata da kwanon da tsohon soso duk ma'aikatan lafiya ne za su cire su, su zauna a hannunsu. Sauran ƙarfen a wanke shi da ruwan Javel kafin ya bar asibiti. Na'urar ɗaukar hoton haƙori kuma tana da dalma da mai a cikinta, kada ta zo makaranta sam. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya.

Akwai labarin da ya kamata kowane malami ya ba ɗalibansa. A watan Satumbar 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu sun shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka ɗauko sashen wata na'urar gashin cutar kansa don su sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Da aka fasa sai aka ga wani gari mai walƙiya shuɗi a cikin duhu, mutane suka riƙa ɗiba suna nuna wa iyalansu. Sinadarin siziyam ne mai fitar da tururin nukiliya. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, mutum 249 suka gurɓata, aka gwada sama da dubu 100. Kujerar haƙori ba ta da irin wannan sinadari. Amma darasin ya shafe mu: abin da ya fito daga asibiti, kada wanda bai san shi ba ya fasa shi. Labarin kuma yana ƙarfafa maganata ne, domin kayan da aka yasar ba mai kula su ne suka yi kisa.

Ko bayan an tsabtace, kujera mai ɗagawa tana iya datse yatsa, famfo kuma yana iya saki kayan su faɗo. A sa mata sandar tsaro, a ɗaure gindinta, kuma kada yaro ya taɓa ta sai babba na tsaye. Wurinta ɗakin koyon sana'a ne. Ajin 'yan shekara bakwai benci yake buƙata.

Daga ina za mu fara?

Ba sai mun ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Kowace makaranta tana da kwamitinta na CGDES, da ƙungiyar iyaye, da ƙungiyar iyaye mata ta AME. Ƙananan hukumomi suna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM. Manhajar firamare kuma tun ƙarshen shekarun 1980 ta ware lokacin ayyukan hannu, wanda muke kira APP. Mu faɗa wa juna gaskiya, a makarantu da yawa wannan lokaci ya koma sharar fili da ɗebo ruwa.

Mataki na farko namu ne. A ƙarshen shekarar karatu, darakta da kwamiti su fito da duk karyayyun tebur-benci, a ƙirga, a kasa su uku: mai buƙatar noti kawai, mai buƙatar walda, mai buƙatar katako. A rubuta, a karanta a taron iyaye. Iyaye sun fi saurin ba da gudummawa idan aka ce musu benci goma sha biyu za su tashi da noti da walda, a kan a ce a kawo kuɗin gyaran makaranta.

Na biyu, a yi aikin a farfajiyar makaranta, a ranar da yara suke nan. A gayyato mai walda da kafinta na gari, a biya su haƙƙinsu, a gabatar da su ga yara da girmamawar da ake yi wa kowane malami. Ɗaliban manyan aji su auna tsawo da faɗi, su lissafa katako nawa zai fita daga falanki ɗaya, su rubuta kuɗin da aka kashe. Ga lissafi, ga awo, ga rubutu. 'Yan mata su riƙe ma'auni kamar yadda maza suka riƙe. Wutar walda kuwa ta manya ce, yara su tsaya nesa, kada su kalli haskenta.

Na uku, kwamitocin makarantu su haɗu su kai buƙata ga ƙaramar hukuma, ita kuma ta rubuta wa hukumomin lafiya na gunduma da na jiha: duk lokacin da za a soke kaya daga kundi, a sanar da cibiyar koyon sana'a kafin ranar gwanjo. Gadon asibiti ɗaya ƙarfensa ya isa ƙafafun benci. Kabad ɗin magani ya zama ma'ajiyar littattafai da gara ba ta ci. Sandar rataya ƙarin ruwa ta riƙe taswira. In Allah ya sa an sami kujerar haƙori, ta tafi CFM, malaman koleji su riƙa kai ɗalibai suna gani.

Na huɗu gargaɗi ne ga iyaye da malamai baki ɗaya: kada wani ya fake da wannan magana ya tura yara bola neman ƙarfe. Tsintar ƙarfe tana raba yaro da aji, tana jawo masa rauni da cuta, tana koya masa ɗaukar abin da ba nasa ba. Manya ne za su nemo kaya ta hanyar da ta dace. Aikin yaro shi ne ya gani, ya auna, ya tambaya.

Iyayenmu a zamanin Samariya sun gina ajujuwa da aikin gayya, da hannunsu da ƙasar garinsu. Abin da ake nema a wurinmu bai kai wannan wahala ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma darakta ɗaya da iyaye biyar sun isa su buɗe magaza su ƙirga abin da ke ciki. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, a taron kwamiti na gaba a sa wannan batu a jerin abin tattaunawa, a sa ranar ƙirga, a sa sunan wanda zai nemo mai walda. Iyaye kuma ku tambayi daraktan makarantar 'ya'yanku benci nawa ne a jingine, kuma me ya hana su tashi kafin komawar watan Oktoba. Allah ya ba mu ikon gyarawa.